Kawu da Faransancin Cikin Lambu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Ni na zauna a zauren gidansa na Ƙofar Guga ina amsar gaisuwa har kwana uku, domin yanzu babu wanda ya girme ni a dangin uwa.

A kwana ukun nan na lura masu zuwa ta'aziyya kashi biyu ne. Akwai matasan unguwa, waɗanda suka san shi a matsayin tsohon nan mai shuka latas a tsofaffin robobi a ƙofar gida, mai hana buga ƙwallo kusa da su. Waɗannan sukan ce, "Allah ya ji ƙan Baba," su shafa fatiha su tashi. Sai kuma wasu masu furfura, maza da mata, da yawansu ban gane su ba sai da suka faɗi gidajensu. Su ba sa saurin tashi. Wani direban babbar mota da ke zuwa har Agadas ya zauna tun safe har la'asar. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Hedimasta, duk shingen da na wuce a ƙasar can, da bakin Malam Bonju nake wuce shi." Wata hajiya mai fataucin atamfa, wadda ta yi karatu a hannunsa, ta aiko daga cikin gida a tambaye ni ko ƙananan allunan nan nasa suna nan. Na ce a gaya mata gara ta cinye su tun tuni. Aka ce kukan da ta yi da jin haka ya fi wanda ta yi da shigowarta.

A rana ta uku wani saurayi maƙwabci, da ya ga irin mutanen da ke zuwa, ya matso ya ce mini, "Wai Baba ya taɓa koyarwa ne?"

Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ni ba marubuci ba ne, karatuna bai yi nisa ba. Tsohon malamin firamare ne ni, kuma abin da na iya shi ne in faɗi abu bi da bi. To haka zan yi.

Kakanmu yana fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi. Yana da wa a can wanda Allah bai ba haihuwa ba, sai ya ba shi riƙon Kawu tun yana ƙarami. A can aka sa shi makarantar Faransawa, wadda suke kira lakwal, ya gama, ya koyar a ƙauyukansu shekaru masu yawa. Da kakanmu ya rasu aka rasa namijin da zai riƙe gida, sai ya tattaro iyalinsa ya dawo. Ya kai takardar shaidarsa ofishin ilmi, aka juya ta gaba da baya, babu wanda ya iya karanta ta, aka mayar masa. Wani tsohon hedimasta na wata firamare da ke kusa da ganuwa shi ya ji tausayinsa. Ya ji labarin a makarantun can kowane malami ya iya lambu, sai ya nemar masa gurbin malamin lambu. Da wannan sunan ya shiga aiki, da shi kuma ya fita.

Mutum ne dogo marar jiki, mai keke baƙi wanda bai taɓa sake shi ba. Rubutunsa a haɗe yake, a kishingiɗe, kowane harafi riƙe da hannun ɗan'uwansa. Ba ya shiga aji ko gida sai ya ce "bonju", gaisuwar Faransawa, bayan sallama, shi ya sa yara suka laƙaba masa Malam Bonju, manya suka karɓa. Ranar Juma'a bayan an sauko, masu gadi da 'yan ga-ruwa da fari ya koro daga ƙasar Nijar sukan cika zaurensa da takardu: wasiƙar gida, katin asibiti, takardar haraji. Ya karanta musu, ya rubuta musu amsa. In mutum ya sa hannu a aljihu sai ya ce, "Bari, je ka sha fura da shi."

Darasinsa kuwa ga yadda yake. Ranar Alhamis bayan an dawo daga tara, 'yan aji biyar da aji shida za su fito a layi zuwa lambun bayan makaranta. Da farko ban-ruwa. Kowane fangali yana da yara huɗu masu kula da shi, kuma doka ita ce ba ka taɓa abu sai ka faɗi sunansa da Faransanci. Guga, igiya, hauya, albasa, har tsutsar da ka tono. In ka manta, ka tsaya hannu a baya har wani ya tuna maka. Bayan ban-ruwa a zauna ƙarƙashin darbejiya, a raba alluna. Shi ya yi su da kansa, daga katakon akwatin ganyen shayi, ya shafe su da baƙin fenti. Zai faɗi kalma, ya bugi garwa da sanda sau ɗaya, kowa ya duƙa ya rubuta. Ya buga sau biyu, kowa ya ɗaga allonsa sama da kai. Da kallo ɗaya ya san wanda ya gane da wanda yake barci. Ban taɓa ganin bulala a hannunsa ba. Wanda ya yi kuskure zai je ya jawo guga guda ya zuba wa fangalinsa. Yakan ce, "Je ka, kuskurenka albasa ta ƙaru da shi." Wata maganarsa kuma ita ce, "Harshe shuka ne. Ruwa kaɗan kullum yake so, ba ambaliyar rana ɗaya ba."

Shekarun nan ne kuɗin mai ya shigo ƙasa. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Malamai suka sayi babura, wasu suka ajiye alli suka koma kwangila. Azuzuwa suka riƙa tsirowa kamar naman kaza, kwano yana walƙiya. Shinkafa ta zo a buhu daga ƙetare, tumatir ya zo a gwangwani, mutane suka fara jin kunyar a gan su da hauya. A irin wannan lokacin mutum ya tsaya yana koya wa yara noman karas da harshen maƙwabtan da ke zuwa neman gadi, sai a ga kamar bai san garin ya waye ba.

An ba ni labarin wani Alhaji ɗan kwangila da ya zo har lambun da sabuwar mota, ya tarar da ɗansa da laka har gwiwa.

Ya ce, "Malam, ni na kawo yaro ya koyi Turancin da ake cin kwangila da shi, ba yaren masu gadina ba. Su mutanen Maraɗin ba Hausa suke yi ba?"

Kawu ya ce, "Su suna yi, Alhaji. Takardarsu ce ba ta yi. Ran da motarka ta wuce Jibiya, takardar za a miƙo maka."

"Ni da nairata? Tafinta ma saye zan yi."

"Allah ya bar naira da lafiyarta. Ni dai na taɓa ganin rijiya mai gaba goma ta ƙafe."

Ya tsinko kabeji mafi girma ya sa masa a bayan mota, ya ce na fangalin ɗansa ne. Alhaji ya tafi yana faɗa, amma bai cire yaron ba.

Ni ma shekarun ne suka ɗaga ni. Ƙaramar takardar malanta gare ni, ina koyarwa a ƙauye. Da manya suka watse zuwa ofisoshi da kwangila, tsohon hedimastan nan kuma ya yi ritaya, sai aka kawo ni na gaje shi. Na zama shugaban kawuna. Na san ba ilmi ya kai ni ba, saboda haka na riƙe abin da nake da shi, wato tsari. Ƙararrawa a kan lokaci. Rajista kafin darasi. Kowane abu a inda takarda ta ce yake.

A makon farko na ɗauki jadawalin darussa na bi aji-aji ina dubawa. Na san Kawu yana koyar da Faransanci, duk gari ya sani. Abin da ban sani ba shi ne babu shi a takarda. Ranar Alhamis na same shi bayan yara sun koma aji.

Na ce, "Kawu, nan an rubuta Lambu."

Ya ce, "To mi kake gani, ɗan Yaya? Kasuwa?" Haka yake kirana, don Inna yayarsa ce.

"Amma Faransanci kake koyarwa."

"Karas ɗin ne ya kai maka ƙara?"

"Takarda ya kamata ta faɗi abin da ake yi."

Ya dube ni ya ce, "Wanda ka gada ba wawa ba ne. Tukunya tana dahuwa, ka bar ta a rufe."

Ban ji ba. Kuma ina so a fahimce ni, ba don in cuce shi na yi ba. Gani na yi ana ɓoye ilminsa a bayan albasa kamar kayan sata, ga shi kuma ina kwana da jadawali mai faɗin abin da ba haka ba. Na samo sabon kwali da rula, na ja layuka, a gurbin Alhamis bayan tara na rubuta Faransanci da jan tawada. Na manna a bangon ofis ina jin na yi wa kawuna gata.

Wata bai cika ba sufeton makarantu ya zo zagaye. Ya duba rajista ya yaba, ya duba tsabta ya yaba. Ya tsaya gaban jadawali yana bi da yatsa, sai yatsan ya tsaya.

Ya ce, "Wa ya ba ku izinin wannan?"

Na yi masa bayani ina murna. Ya rubuta a ɗan littafinsa. Bayan mako biyu takarda ta zo, magana uku a cikinta. Ta ɗaya, babu Faransanci a manhajar firamare. Ta biyu, malamin da ke koyar da shi ba shi da shaidar da aka amince da ita. Ta uku, in aka sake samun haka, za a sallami malamin, a sauke hedimasta.

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Maimakon in bari sai yamma in same shi gida in durƙusa, sai na aika a kira shi ofis. Ya shigo ya tsaya, ina zaune, na karanta masa daga farko har sa hannu.

Ya ce, "An gama, ranka ya daɗe?"

Bai taɓa ce mini haka ba sai ran nan. Na ce an gama. Na sa aka tattaro allunan, na ƙirga su, na kulle a kabad. Na mayar da Lambu a jadawali.

Zango guda cur Kawu ya koyar da lambu, lambu zalla. Bai makara ba, bai yi sakaci ba. Ya daina bonju. In yara suka gaishe shi da ita sai ya ce, "Lafiya lau," ya wuce. Daga tagar ofis nakan hango su ranar Alhamis suna ban-ruwa shiru, sai ƙarar guga. 'Yan matan aji shida, waɗanda su ne suka fi kowa iyawa, suka fara zillewa daga tara ba sa dawowa. Kowace Juma'a kwandon latas yana zuwa gidana kamar yadda ya saba, ban taɓa ganin an rage ko ganye ɗaya ba, kuma wannan ya fi mini zafi a kan zagi. Ko a gida muka haɗu, "ranka ya daɗe" ne. Bai kai ƙarata wurin kowa ba.

A bakin matarsa Inna ta ji. Ta aiko in zo. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma kallon fuskata in tana magana. Na same ta tana tsince wake a faifai, na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Kai wannan, an ce ka zama babba."

Na ce, "Inna, doka ce ta zo."

"Da ƙafarta ta zo, ko kai ka kira ta?"

Ta ci gaba da tsintar wake.

"Yana ɗan shekara bakwai aka ɗora shi bisa jaki. Ni na riƙe mashi ƙunshin kayanshi har bakin ƙofar gari, yana kuka ina kuka. Shekara talatin ba mu ci tuwon salla tare ba. Bai dawo da gida ba, bai dawo da gona ba. Abin da ya samo ke nan, shi ka sa ma kwaɗo."

Na ce, "In aka kama mu, aikinsa da nawa duk za su tafi."

"Ka tambaye shi ko aikin yake so? Tashi, ina da abin yi."

Na yi kwanaki ina juya maganar. Ina da mata da 'ya'ya uku a lokacin, kuma mai ƙaramar takarda in aka sauke shi ba ya sake hawa. Ranar Alhamis ta farkon sabon zango na buɗe kabad, na zuba allunan a kwali, ban ba kowa ya ɗauka ba. Na ratsa filin makaranta da shi a kafaɗa, malamai suna leƙe, na sauke ƙarƙashin darbejiya.

Kawu ya dubi kwalin, ya dube ni. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka karanta takardar nan da kyau kau?"

Na ce, "Sau uku, Kawu."

"Ni in an kore ni ina da hauya. Kai mi kake da shi?"

"Ina da kawu mai hauya."

Ya juya baya kamar yana gyara igiyar guga, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "To raba masu, ɗan Yaya, kana tsaye kamar turke." Na raba. Ya ɗauki sanda ya bugi garwa. Mako na gaba 'yan matan nan duk suka dawo.

Muka yi wata biyu lafiya. Sai wata Alhamis, ana tsakiyar darasi, na ji tsayuwar mota. Sufeton ne, babu sanarwa. Tun daga ofis ana jiyo muryar yara suna ƙirga gugan ruwa da Faransanci, baki ɗaya. Ya ajiye jakarsa ya ce, "Mu je bayan nan."

Yana gaba ina biye. Tsakanin ofis da lambu taku ne kaɗan, amma a cikinsu na gama shirya abin da zan ce. Zan ce tsohuwar waƙar ban-ruwa ce yara suka saba da ita, ba darasi ba ne, kuma na hana ba su bari ba. Ban taɓa yi wa na gaba da ni ƙarya ba, amma na jera ta tsaf, da farkonta da ƙarshenta.

Muna karya kwana Kawu ya bugi garwa sau biyu. Alluna suka tashi sama gaba ɗaya, kowanne da rubutu a haɗe, fari tas.

Sufeto ya juyo ya ce, "Hedimasta, mene ne wannan?"

Na buɗe baki.

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni za ka tambaya. Faransanci ne. Ni na koyar, kuma na san da takardarku, an karanta mani. Ga kuma lambun."

Yara suka sauke alluna a hankali. Sufeto ya shiga tsakanin shuke-shuken da takalminsa mai sheƙi, yana duba wannan yana duba wancan. Ya duƙa ya tuge karas guda, ya kaɗe ƙasar, ya nuna wa wata yarinya ya ce ta faɗi sunansa. Ta faɗa da Faransanci. Ya ce da Turanci fa? Ta faɗa. Ya ce wa ya shuka? Ta ce, "Mu huɗu, amma ni na fi ba shi ruwa, don na fi yin kuskure." Yara suka yi dariya, shi bai yi ba.

Muka koma ofis. Ya zauna a kujerata ya fiddo fom, ina tsaye. Ya daɗe yana rubutu. Da ya gama ya ce, "Duk makarantun da na zaga zangon nan jadawali ya ce lambu, in na je sai in tarar da awaki. Fom ɗin nan tambaya biyu ya yi mini: ana darasin lambu, kuma lambun yana raye? Na amsa duka biyun." Ya rufe alƙalami. "Hedimasta, kada ka sake manna mini abin da zai sa in tambaye ka."

Da motarsa ta tafi na koma lambu. Yara sun shiga aji, Kawu yana wanke hannu a bakin rijiya. Na gaya masa yadda aka yi. Ya ce, "Madalla," kamar na ce masa an yi ruwa a wani gari.

Na ce, "Kawu, ka san da yanzu ba ka da aiki?"

"Na sani."

"To don me ba ka bari na yi magana ba? Na shirya abin da zan ce."

Ya yarfe hannunsa ya ce, "Na ga bakinka ya buɗe, kuma na san abin da zai fito. Gaskiyarka ta ci mani zango guda, na haƙura, don ita aka san ka da ita. In ka yi ƙarya saboda ni, in je in ce ma Yaya mi? Aiki ana samun wani."

Darasin Alhamis ya ci gaba har gwiwoyinsa suka gaza, ya yi ritaya. Ba a sami wanda ya gaje shi ba. Inda lambun yake yanzu azuzuwa ne, an cike rijiyar.

Na yi shekaru masu yawa ina shugabancin makarantu bayan haka. Da na ajiye aiki aka yi mini walima, mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna cewa ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Kawu yana zaune a layin gaba da sandarsa, yana gyaɗa kai tare da kowa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna, har ta koma ga Allah. Yau da ba ya nan ni nake faɗa: ƙaryar ta riga ta hau harshena, shi ya tare ta da aikinsa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ya rufa mini asiri a gaban mutum ɗaya, ka rufa masa a gaban taron da babu mai tare wa wani. Ka yafe masa, ka yafe wa yayarsa, ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.